Fayil Mai Takarda Uku

A kamfanin inshorar da take aiki, Mai Fayil ake ce mata, har manaja ma da haka yake kiranta. Shekara goma sha ɗaya ta yi a ɗakin ajiyar takardu, ɗakin da ba shi da taga, sai fanka ɗaya mai kuka da kabad-kabad na ƙarfe da suka kusa taɓo rufi. Aikin nata ba wani abin a zo a gani ba ne. Wanda aka fasa wa gida, wanda aka sace wa mota, wanda gobara ta lashe wa kicin, duk sai sun cike takardar neman diyya. In manya sun gama sa hannu a sama, takardar ta sauko wurinta, ta huda ta, ta buga mata hatimi, ta zura ta a fayil ɗin unguwar da abin ya faru. Kowace unguwa da nata fayil.

Wannan aikin ya ba ta wani ilimi da take ji da shi ƙwarai. Ba sai ta taka unguwa ba kafin ta san halinta, ɗaga fayil ɗin kawai za ta yi ta ji nauyinsa. Akwai unguwar da sai ta sa hannu biyu, har da ɗan nishi. Akwai wadda da yatsa biyu ake zaro ta. In abokan aiki suna gardamar inda ya fi daɗin zama da iyali, sai ta taɓe baki ta ce, "Ku yi ta surutunku. Dillali yana ƙarya, mai gida yana ƙarya, amma fayil ba ya ƙarya." Ta yarda da wannan magana fiye da yadda ta yarda da mijinta, kuma mijin nata ba maƙaryaci ba ne.

Malamin lissafi ne a sakandare, mutum mai gudun hayaniya. Duk abin da ta kawo, amsarsa ɗaya ce: "Yadda kika gani." 'Yarsu ɗaya, shekararta bakwai, Tsuntsuwa ake ce mata saboda ba ta iya zama wuri guda. Na huɗunsu a gidan shi ne Yaya.

Yaya wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ta da shekara goma sha huɗu. Tana 'yar mitsitsiya iyayensu suka rasu, shi ya riƙe ta, da sana'ar gyaran keke a wata rumfar kwano a bakin titi. Shi yake kai ta makaranta a bayan kekensa, ya naɗe tawul ya ɗora a kan kariya, wurin ɗora kaya, don kada ƙarfe ya ci mata cinya. Kafin ya taɓa rigarta ta makaranta sai ya wanke hannu sau uku, da kananzir, da sabulu, da wata sabulun, duk da haka baƙin mai ba ya barin gefen farcensa. Bai yi aure ba. In an tsokane shi sai ya ce, "Bari Auta ta gama karatu tukuna." Auta ta gama karatu, ta samu aiki, ta yi aure, sai ya koma cewa bari Auta ta haihu. Tsuntsuwa tana shekara biyu wata mota ta ƙwace ta afka cikin rumfar. Ya yi sati biyar bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo, bakinsa ya karkace, ƙafar hagu sai ja, maganarsa kuwa ta ragu ta koma kalmomin da ba su wuce goma ba. Ɗaya daga ciki "Auta" ce, wata kuma "sarƙa". Hannuwansa ne kawai motar ba ta taɓa ba. Ba zai iya gaya maka yau wace rana ba, amma ka miƙa masa keken da ya yi shekara a yashe, kafin ka sha ruwa ka dawo ya tashe shi. Kuma in ya ji ƙarar keken da sarƙarsa ta saki, ko abinci yake ci sai ya miƙe.

Da aka yi mata canjin wurin aiki zuwa reshen kamfanin a wani babban birni, ita kaɗai ta fara tafiya. Mutane suka yi ta ba ta shawara, wannan ya ce a nemi kusa da makaranta, wancan ya ce a guji bayan kasuwa. Ta yi musu godiya, ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Satinta na farko, in an tashi cin abincin rana, sai ta kulle kanta a sabon ɗakin takardu tana bin kabad-kabad tana auna unguwanni da hannu. Ranar Alhamis ta ci karo da wani fayil a durowar ƙasa, siriri har ta ɗauka babu komai ciki. Takarda uku ce a shekara tara. Reshen bishiya ya faɗo a kan mota. Famfo ya fashe ya jiƙa kafet. Wata ta ɓatar da zobe, kuma a ƙasan takardar an rubuta da jan biro cewa an gan shi a aljihun rigar mijinta. Ba sata, ba fashi, ba wanda aka buge. Mai Fayil ta zauna a ƙasa da fayil ɗin a cinya, ta kira mijinta ta ce, "Na samo mana gida." Alhali ko sunan unguwar ba ta taɓa ji ba sai ranar.

Da ta je ta gani, unguwar ta fi fayil ɗin kyau. Ƙofar shiga ɗaya ce, da masu gadi biyu da littafin baƙi. Tituna a share, kowane 'yan taku an yi tudun rage gudu. A tsakiya akwai filin wasa mai yashi da lilo, yara suna ta zagaye da kekuna a tsakiyar titi, ba uwar da ke leƙe da fargaba. Ta tuna unguwar da za su baro, inda take riƙe wuyan hannun Tsuntsuwa har ya yi shati kafin su tsallaka titi, sai ta ji idonta ya ciko.

Amma ba a shiga unguwar sai kwamiti ya yarda, kuma shugabar kwamitin ita ce Matar Likita, doguwa mai taushin murya, irin mutanen da ke yanka ka suna tambayar ko ka ji zafi. Ta karɓe ta a barandarta, ta ba ta lemo mai sanyi, ta turo mata fom.

"Ƙa'idarmu ba ta da yawa, ƙawata," in ji ta. "Gida ɗaya, iyali ɗaya. Miji, mata, 'ya'ya. In akwai wani babba da zai zauna da ku, sai ya zo gaban kwamiti da takardar likita cewa lafiyar kansa ƙalau. Kada ki ga kamar tsanani ne. Bara akwai wasu bayin Allah, mutanen kirki wallahi, suna da wani tsoho da ke fita yana tare yara yana musu surutai. Da kuka muka rabu da su, amma muka rabu. Yaranmu ne gaba da komai."

"Gaskiya ne," in ji Mai Fayil.

A ƙasan fom ɗin akwai layi ɗaya: Akwai wani da zai zauna da ku ban da waɗanda aka lissafa? Ta riƙe biro ta dubi layin. Daga filin wasa ana jiyo dariyar yara da ƙararrawar keke. Da rubutunta mai kyau, wanda Yaya ya sha nuna wa masu kawo faci yana alfahari, ta rubuta: Babu.

Mijinta da ya ga kwafin fom ɗin ya daɗe yana kallo. "Yaya fa?"

"Wata uku kawai. Mu shiga, su san mu, su ga irin mutanen da muke, sai in gaya musu a hankali."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Yadda kika gani."

Ranar tashi, a bayan babbar mota Yaya ya shiga unguwar, tsakanin katifu da firij, rungume da akwatin kayan aikinsa. Masu gadi suka leƙa suka ga 'yan dako, suka ɗaga ƙarfen ƙofa. Mutum huɗu suka shiga a bayan motar, uku suka fita, ba wanda ya lura.

Akwai ɗan ɗaki a bayan kicin, an yi shi don ajiye buhuna, tagarsa tana kallon katanga. Nan ta sa shi. Kada wani ya ce ta wulaƙanta shi, don wannan ne ma abin da ke ba ni haushi a labarin nan. Ta yi wa ɗakin fenti da hannunta. Ta sa masa fanka da rediyo da sabuwar katifa. Ita take yanke masa farce, ita take aske masa gemu ranar Lahadi, naman da ya fi laushi a tukunya nasa ne. Abin da bai samu ba kawai shi ne ƙofa. Ta gaba ba tasa ba ce, ta baya kuma kullum da sakata. Iyakarsa ɗan tsakar bayan gida inda ake shanya. A nan yake zama a kan bokitin da aka kife, yana sauraron kekunan da ke wucewa a bayan katanga. Wani lokaci sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Sarƙa." Ita kuma ta ce, "Na ji, Yaya, za su gyara." Da yamma Tsuntsuwa ta turo masa nata keken, ja mai kwando a gaba, ya kifa shi ya juya feda yana kasa kunne, ya ɗiga mai, ya goge. A duk unguwar babu keken da ya kai na Tsuntsuwa santsi, har iyaye suna tambayar inda ake kai shi gyara.

Doka biyu Tsuntsuwa ta koya a sabuwar unguwa. Ta farko ta kwamiti ce. Asabar ta farko a kowane wata, Matar Likita tana tara yara a filin wasa, kowa da usur a wuya, a yi gwaji. In wanda ba ku sani ba ya taɓa ku, me za ku yi? A busa usur. Me za ku ce? Sai yara su haɗa baki har tsuntsaye su tashi daga bishiya: "Ban san shi ba!" Tsuntsuwa ta fi kowa murya, har tafa mata ake yi.

Ta biyu ta uwarta ce, a kicin aka koyar da ita, murya ƙasa-ƙasa.

"Kawu na cikin gida ne. In kin fita waje, babu Kawu. Kin ji?"

"In ƙawata ta tambaye ni wa ya gyara mini keke fa?"

"Ki ce Baba."

"Mama, ba ƙarya ba ce?"

"Sirri ne. Sirri daban, ƙarya daban. Maimaita, mu nawa ne a gidanmu?"

"Mu uku."

"Yawwa, 'yar albarka."

Wata uku suka zo suka wuce, ba ta faɗa ba. Da farko ta ce bari a gama sabawa. Da aka saba kuma sai abin ya ƙara wuya, don yanzu ba baƙuwa ce za ta ce ta yi kuskure ba, ƙawa ce za ta ce ta yi wata da watanni tana ƙarya. Ana cikin haka kwamiti ya gano tana da hannun takarda, aka naɗa ta sakatariya. Ita take buga sanarwa, ita take riƙe da fom ɗin kowane gida, har da nata. Kuma a faɗi gaskiya, ta ji daɗi. Ba ta taɓa jin daɗin zama irin na watannin nan takwas ba. Tana dawowa daga aiki ta tarar da 'yarta tana tsere a titi, gwiwa duk ƙasa, ba abin da ya same ta. Mata suna kiranta Maman Tsuntsuwa, suna aiko mata da abin da suka dafa. In ta kai wa Yaya abinci ta ga yana kallon katanga, sai ta ce a ranta ai ko a tsohon gida ba fita yake yi sosai ba.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, da rana tsaka ta ɗan karya. Mijin yana makaranta suna duba takardun jarrabawa. Da safe an kawo tukunyar gas ta ƙofar baya, ta sallami mai kawowa tana amsa waya, ta tura ƙofar da ƙafa, ba ta sa sakata ba. Daga nan ta wuce barandar Matar Likita da fayil ɗin kwamiti, suna jera fom-fom na sababbin masu neman shiga.

Usur ɗaya suka fara ji, sai biyu, sai filin wasa gaba ɗaya ya ɗauka. Matar Likita ta yar da biro. Ƙofofi suka yi ta buɗewa, maza suna fitowa da singileti, wani da tiyon wankin mota a hannu, wani da cokali. Shekara tara suna gwaji ba su taɓa samun na gaske ba. Mai Fayil ta bi su da gudu, fayil a hammata, bakinta yana kiran sunan 'yarta.

Jan keken ta fara hangowa a yashe a gefen titi, sarƙarsa tana lilo. Sai Tsuntsuwa a tsaye, fuska jiƙe da hawaye, da shatin baƙin mai na yatsu huɗu a wuyan hannunta. Sannan ta ga wanda aka durƙusar a tsakiyar mutane, an murɗe masa hannu ta baya. Rigar da ta goge masa jiya ce a jikinsa.

Ba sai an ba ta labari ba, tana gani ta karanta komai. Sarƙa ta zame ta cushe, yarinya ta faɗi ta fasa kuka. Daga bayan katanga ya ji ƙarar sarƙar, ya kuma gane kukan. Ya ɗauki sifana da tsumma, ya taɓa ƙofa, ƙofa ta buɗe. Ya ja ƙafarsa har filin wasa, ya duba ya ga gyaran sai da akwatinsa, ya saɓa keke a kafaɗa, ya kama hannun 'yar ƙanwarsa zai kai ta gida. Abin da sauran yara suka gani kuwa shi ne wani mutum mai karkataccen baki, da ƙarfe a hannu, yana jan yarinya tana kuka.

"Wane ne kai? Ta ina ka shigo?" Wani lauya ne mai gida a kusurwa yake tambaya, yana girgiza shi.

"Sarƙa," in ji Yaya.

"Ji ɗan iska, wai sarƙa! Ɗaure ta zai yi!"

"Ga makaminsa nan," in ji wani, ya ɗaga sifanar sama kowa ya gani.

Maigadi yana rantsuwa ba ta ƙofarsa aka shigo ba, kuma don ya wanke kansa shi ya fara kai mari. Matar Likita ta ɗaga hannu aka ɗan lafa. Ita ba ta son a yi abu ba bisa tsari ba. Ta durƙusa a gaban Tsuntsuwa, ta share mata hawaye da gefen mayafinta.

"'Yata, kada ki ji tsoro, ba wanda zai taɓa ki. Dubi mutumin nan da kyau. Kin san shi?"

Tsuntsuwa ba ta dubi mutumin ba. Ta bi fuskokin manya ɗaya bayan ɗaya har ta samo ta uwarta a bayan kafaɗar wata mata, ta tsaya a nan.

Akwai lokaci. Wannan nake so a sani, don daga baya ta sha gaya wa kanta cewa abin ya zo da sauri. Bai zo da sauri ba. Wurin ya yi tsit, har ana jin tiyon da aka yar yana zubar da ruwa a kwalta. Kalma biyu ake nema, yayana ne, kuma suna bakinta. Amma a hammatarta akwai fom mai rubutunta, ga matan da ke aiko mata da abinci, ga titin da 'yarta ke tsere a kai, ga kuma motar kaya da za ta zo ta kwashe su a gaban kowa. Tsoro ya kama ta, tsoron kunya, ba na komai ba. Ta sunkuyar da kai ta dubi takalminta.

Tsuntsuwa ta ja numfashi, ta buɗe murya yadda aka koya mata, yadda ake tafa mata.

"Ban san shi ba!"

"Maman Tsuntsuwa, ashe kina nan!" in ji Matar Likita. "Zo ɗauke 'yarki, kada ta ga abin da zai biyo baya."

Ta ratsa mutane aka ba ta hanya, wata tana shafa mata baya tana cewa Allah ya tsare gaba. Ta wuce ta gabansa, taku biyu tsakaninsu. Ta ɗauki yarinyar, ta danna fuskarta a kafaɗa, ta juya. A bayanta ta ji muryar da ta tashe ta kowace safiya tun tana 'yar shekara huɗu, ba da tsoro ba ma, da murnar wanda ya ga nasa ya iso.

"Auta."

"Me yake cewa?"

"Oho masa. Wane hannun ne ya taɓa ta da shi?"

"Ku haɗa duka biyun."

Ba ta waiga ba. Ta ji ƙarar gilashi ya fashe, ta ji wani yana cewa a yi hankali da motarsa. Sauran ƙarar da ta ji ba ta gilashi ba ce. Ta shiga gida ta rufe ƙofa, ta kai yarinyar banɗaki, ta sa sabulu ta wanke shatin man nan daga wuyan hannunta. Sai da ta wanke sau uku ya fita.

Da mijin ya dawo da yamma, 'yan sanda sun riga sun kwashi mutumin zuwa asibitin gwamnati. Ya tarar da ita zaune a ɗan ɗakin bayan kicin, rediyo yana ta magana shi kaɗai. Ta gaya masa, ba ta rage komai ba, don ba ta da ƙarfin ragewa. Ta jira ya yi faɗa, ko ya ce wani abu. Ya cire tabarau, bai goge ba, ya sa a aljihu, ya ɗauki makullin mota ya fita. Shi ya je ofishin 'yan sanda da tsofaffin takardun asibitin Yaya, ya ce surukinsa ne, ba shi da lafiya, ɓata ya yi. Ba su tambaye shi daga wane gida ya ɓata ba, shi ma bai faɗa ba. Tun daga ranar bai sake ce mata yadda kika gani ba, bai kuma kawo wata maganar a madadinta ba.

Sai a rana ta uku ta iya zuwa. Ɗaki ne mai gado goma sha biyu, nasa na ƙarshe kusa da taga. An naɗe hannuwan biyu har gwiwa, an ɗora su a kan matashi. Likitan ƙashi ya tare ta a baranda ya ce za su warke, amma yatsun ba za su sake damƙe wani abu ba, ko cokali sai an ba shi a baki. Ta shiga tana fatan ya juya mata baya, ko ya tofa mata yawu, ta samu abin riƙewa. Yana ganinta fuskar nan da ta kumbura ta washe.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannu, ya kasa, ya nuna ƙofa da haɓa. "Sarƙa?"

"An gyara," in ji ta. Ya lumshe ido, hankalinsa ya kwanta.

A unguwa kuwa an yi taron gaggawa. Aka ƙara wa katanga waya mai ƙaya, aka canja maigadi ɗaya. Aka kuma yanke shawarar karrama Tsuntsuwa a gaban sauran yara, a ba ta takardar yabo da sabon usur na ƙarfe, saboda ta nuna abin da ake nufi da yarinya mai jin magana. Sakatariya ce ta buga takardar yabon. Matar Likita ta ce rubutun ya yi kyau.

Bayan sati biyu, ranar Talata, takardu suka sauko daga sama kamar kullum, ta ɗauko ta bakwai ta ga sunan titinsu. Lauyan kusurwa ne yake neman diyyar madubin gefen motarsa. A layin yadda abin ya faru ya rubuta cewa ya fashe ne yayin da mazauna unguwa suke kare wata yarinya. A layin wanda ya jawo ɓarnar ya rubuta: wani baƙo, ba a san shi ba. Manya sun sa hannu, an amince. Ta karanta sau biyu. Ta daidaita gefen takardar, ta huda, ta buga hatimi, ta durƙusa ta jawo durowar ƙasa. Takarda huɗu ke nan. Ta ɗaga fayil ɗin a tafin hannu don ta ji ko ya canja, bai canja ba. Har yanzu duk ɗakin babu wanda ya kai shi rashin nauyi.

Jan keken yana jingine a tsakar bayan gida, kusa da bokitin da aka kife, sarƙarsa a zube. Uban ya ce zai kai shi gyara, Tsuntsuwa ta ce a bar shi. Ta daina fita titi, ta daina yawan magana, usur ɗin ƙarfen kuma ba a san inda ta kai shi ba. Ranar Asabar uban ya ce ta shirya, yau za a kai ta ta gaida mara lafiya. Ta sa rigarta mai aljihu, ta ɗaura takalmi da kanta, ta zo ta tsaya a ƙofar kicin inda uwarta ke zuba abinci a kula.

"Mama."

"Na'am."

"Asibiti waje ne ko cikin gida?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"In mun je, na san shi, ko ban san shi ba?"

Mai Fayil ta tsaya da ludayi a hannu. A waje uban ya tada mota, ya yi hon sau ɗaya. Tsuntsuwa ba ta motsa ba, ta haɗa hannuwa a baya tana jiran a gaya mata, don ita yarinya ce mai jin magana.